Albashi Kafin Iyali: Nazari a Kan Sharaɗin Kuɗin Shiga ga Mai Son Kai Matarsa ko Mijinta Birtaniya

Tsakure

Wannan maƙala ta duba sharaɗin da gwamnatin Birtaniya ta gindaya tun 2012, cewa ɗan ƙasa ko mai takardar zama ta dindindin ba zai shigo da matarsa ko mijinta daga waje ba sai abin da yake samu a shekara ya kai wani ƙayyadadden adadi. Ta bi asalin sharaɗin da hukunce-hukuncen kotuna a kansa, ta kuma gwada shi da tsarin Amurka da na Kanada. Matsayinta shi ne, kowace ƙasa tana da hurumin neman tabbacin cewa baƙo ba zai zame wa baitulmali kaya ba, amma sharaɗin Birtaniya ba wannan yake aunawa ba. Albashin jiya na mutum ɗaya yake dubawa, ya yanke hukunci a kan goben gida guda.

Gabatarwa

A ranar 9 ga Yuli, 2012, lokacin Theresa May tana Sakatariyar Harkokin Cikin Gida, sabbin ƙa'idojin shige da fice na iyali suka fara aiki a Birtaniya. Daga ranar, duk wanda zai ɗauki nauyin abokin aurensa sai ya nuna yana samun aƙalla fam 18,600 a shekara. In akwai yaran da ba 'yan ƙasa ba, a ƙara fam 3,800 saboda na fari, da fam 2,400 saboda kowane ɗaya bayansa. Wanda ba shi da albashin kuma yana son ya dogara da ajiya kaɗai, sai ya nuna fam 62,500 da suka yi wata shida a hannunsa. A wannan gyara ne kuma aka tsawaita wa'adin gwaji kafin samun zama na dindindin daga shekara biyu zuwa biyar. A ranar 11 ga Afrilu, 2024, adadin ya tashi zuwa fam 29,000, ajiyar da ke maye gurbinsa kuma ta koma fam 88,500.

Batun ya shafe mu kai tsaye. Akwai likitoci da ma'aikatan jinya da malaman jami'a da direbobi 'yan asalin Nijeriya da Gana da Sudan da suka zauna a Landan da Manchesta da Birmingham har suka samu takardar zama, da yawansu kuma gida suke komawa su yi aure. Akwai 'ya'yansu da aka haifa can, waɗanda doka ta ɗauka 'yan Birtaniya ne kamar kowa, su ma wannan sharaɗi yana jiransu ranar da suka zaɓi aure daga Kano ko Kumasi ko Umdurman. Amma ba don ya taɓa namu kaɗai ya cancanci nazari ba. Tambayar da ke ƙarƙashinsa ta shafi kowace ƙasa: shin zaman mutum da iyalinsa a ƙasarsa haƙƙi ne da gwamnati za ta iya tsarawa, ko gata ne da sai mai hali?

Inda sharaɗin ya samo asali

Birtaniya ta daɗe tana kallon auren ƙetare da zargi. A 1979 jaridar Guardian ta tona cewa jami'an shige da fice a filin jirgin Heathrow sun sa an yi wa wata mata daga Indiya, wadda ta zo auren saurayinta, gwajin budurci, don wai a tabbatar amarya ce ta gaske. A shekarun 1980 aka ƙarfafa wata ƙa'ida da ta ɗora wa mai neman biza nauyin tabbatar da cewa shiga Birtaniya ba shi ne babban dalilin aurensa ba. Ko da auren na gaskiya ne, ko da an haihu, jami'i yana iya cewa niyyar farko ba ta gamsar da shi ba. Mazajen da suka fito daga Indiya da Pakistan da Bangaladash su ne suka fi ɗanɗana kuɗarta, har sai da Sakataren Harkokin Cikin Gida Jack Straw ya soke ta a 1997. A tsakanin nan, a 1985, Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai ta yanke hukunci a shari'ar Abdulaziz da Cabales da Balkandali, wasu mata uku mazauna Birtaniya da aka hana mazajensu zama. Kotun ta ce an nuna musu bambancin jinsi, domin a lokacin ya fi sauƙi namiji ya kawo mata a kan mace ta kawo miji. Gwamnati ta gyara bambancin ta hanyar tsananta wa kowa. Wannan hukunci ya kuma kafa wata magana da har yau ake dogara da ita, cewa Sashe na 8 na Yarjejeniyar Turai kan Haƙƙin Ɗan Adam, mai kare rayuwar iyali, bai wajabta wa ƙasa ta amince da duk inda ma'aurata suka zaɓa su zauna ba.

Kafin 2012 ana neman mai ɗaukar nauyi ya nuna yana da masauki da abin ciyarwa isasshe, ana kuma auna isar da abin da gwamnati ke bai wa iyali irin nasa a matsayin tallafi. Jami'i yana duba halin gidan gaba ɗaya, har da aikin da baƙon zai iya samu da gudummawar dangi. Abin da ya canza shi ne siyasa. Jam'iyyar Conservative ta David Cameron ta shiga zaɓen 2010 da alkawarin rage yawan masu shigowa, bayan an cire masu fita, zuwa ƙasa da 100,000 a shekara. Dokar Tarayyar Turai ta hana ta taɓa 'yan Turai, don haka ta juya kan ɗalibai da ma'aikata da iyalai daga sauran duniya. Aka nemi Kwamitin Ba da Shawara kan Ƙaura ya fitar da adadin da zai hana iyali zama nauyi a kan gwamnati, a rahotonsa na Nuwamba 2011 ya ba da tsakanin fam 18,600 da 25,700. Na farkon shi ne matakin da ma'aurata ke daina cancantar tallafin masu ƙaramin ƙarfi. Kwamitin ya bayyana cewa ta fuskar tattalin arziki kaɗai ya amsa tambayar, sauran fuskoki na shari'a da zamantakewa ya bar wa gwamnati.

Abin da sharaɗin yake aunawa

Duk wanda ya karanta ƙa'idojin da natsuwa zai ga cewa matsalar ba ta tsaya ga girman adadin ba, tana cikin yadda ake lissafinsa. Lokacin neman bizar farko daga waje, albashin mai ɗaukar nauyi kaɗai ake ƙirgawa. In matar da ke Abuja likita ce, tana riƙe da takardar ɗaukar aiki daga wani asibiti a Ingila, wannan albashi ba ya shiga lissafi. In mijin da ke Akara injiniya ne mai shekara goma yana aiki, abin da yake samu can da abin da zai samu in ya iso duk ba a ganinsu. Alkawarin taimako daga iyaye ko 'yan'uwa shi ma, a bisa ƙa'ida ta yau da kullum, ba a karɓarsa. Sannan sai mai ɗaukar nauyin ya kawo takardun albashi da na banki na wata shida a jere in wurin aikinsa ɗaya ne, mai sana'ar kansa kuwa sai lissafin shekarar haraji guda. Ke nan tsarin da aka ce an kafa shi don hango ko gida zai iya riƙe kansa ya rufe ido daga rabin ƙarfin gidan. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, wannan doka kuwa hannu ɗayan take cewa ya ɗauka tukuna, kafin ta bar na biyun ya iso.

Sakamakon haka a fili yake ga macen da take renon yara. Ɗauki 'yar Birtaniya da ta auri ɗan wata ƙasa, suka zauna can suka haihu, mijin ne ke aiki ita tana gida. Ranar da suka so komawa, ba ta da albashin da za ta nuna. Dole ta tafi ita kaɗai ko da yaran, ta nemi aikin da ya kai adadin, ta yi wata shida a kai, sannan a shigar da takardu a jira watanni. A duk tsawon wannan lokaci uwa ce mai reno ita kaɗai, tana biyan kuɗin mai kula da yara, wataƙila ma tana karɓar tallafin da ba za ta buƙata ba da mijinta yana nan. A 2015 ofishin Kwamishiniyar Yara ta Ingila ya fitar da rahoto da ya ƙiyasta yara aƙalla 15,000 ne sharaɗin ya shafa, akasarinsu 'yan Birtaniya, waɗanda suka san ɗaya daga cikin iyayensu ta fuskar waya ko kwamfuta kawai. Shekara guda a rayuwar ɗan shekara biyu rabin rayuwarsa ce, ba kuma abin da za a biya daga baya.

Adadin kansa yana da nasa zaɓen. A 2012 mai aikin cikakken lokaci a kan mafi ƙarancin albashi yana samun abin da bai wuce fam 12,000 da 'yan kai ba a shekara, watau ƙasa da sharaɗin da fiye da fam 6,000. Cibiyar nazarin ƙaura ta Jami'ar Oxford ta lissafa cewa a 2015 kusan kashi 40 cikin ɗari na 'yan Birtaniya masu aikin albashi ba su kai 18,600 ba, kuma mata da matasa da mazauna wajen Landan sun fi yawa a cikinsu. Da aka ɗaga shi zuwa 29,000, cibiyar ta ce kusan rabin ma'aikatan ƙasar suna ƙasa da shi. A Afrilun 2024 mafi ƙarancin albashi fam 11.44 ne a awa, wanda a mako mai awa 37 da rabi yake ba da kimanin fam 22,300 a shekara. Mai kula da tsofaffi, da mai shara a asibiti, da mai taimaka wa malamin firamare, duk suna aiki daga safe zuwa yamma, suna biyan haraji, doka ta yarda albashinsu ya isa su rayu, amma ta ce bai isa su zauna da wanda suka aura ba. Adadi ɗaya ne kuma daga Landan har arewa maso gabashin Ingila da Wales, alhali albashi da kuɗin haya sun sha bamban ƙwarai a tsakaninsu. Mutumin Sunderland da ke zaune a gidan da ya gada ba ya biyan haya yana iya faɗuwa, na Landan da rabin albashinsa ke tafiya a haya ya wuce.

Abin da ya faru a Disamban 2023 ya ƙara fito da manufar fili. A Nuwamba ofishin ƙididdiga ya sanar cewa rarar masu shigowa a 2022 ta kai 745,000. A ranar 4 ga Disamba Sakataren Harkokin Cikin Gida James Cleverly ya sanar da jerin matakai, ciki har da ɗaga sharaɗin iyali zuwa fam 38,700. Wannan adadi ba daga lissafin ciyar da gida ya fito ba, shi ne aka sa wa ƙwararrun ma'aikata masu zuwa aiki daga waje, aka ɗauko shi aka ɗora wa ɗan ƙasa mai son zama da matarsa. Kimanin kashi 70 cikin ɗari na ma'aikatan ƙasar ba su kai shi ba. Da suka ta yi yawa, kafin ƙarshen watan gwamnati ta ce za a bi shi mataki-mataki, a fara da 29,000. A daidai wannan zango aka hana akasarin ɗaliban digiri na biyu zuwa da iyalansu daga Janairun 2024, matakin da ya fi taɓa 'yan Nijeriya, aka kuma hana masu aikin kula da tsofaffi daga Maris. Duk matakan amsa ce ga tambaya guda, ta yawan masu shigowa, kuma bizar ma'aurata ƙaramin kaso ce a cikin wancan adadi, wanda ɗalibai da ma'aikata da 'yan gudun hijirar Yukiren da mutanen Hong Kong suka cika.

Hujjojin masu goyon baya

Hujja mafi ƙarfi ita ce ta baitulmali: bai kamata mai biyan haraji ya ɗauki nauyin auren wani ba. Wannan magana ce mai nauyi, kuma ban ga laifin ƙasar da ta nemi tabbaci a kai ba. Sai dai wanda ya shigo da bizar aure an riga an buga masa sharaɗin cewa ba shi da rabo a tallafin gwamnati har ya samu zama na dindindin, watau shekara biyar a mafi ƙaranci. Kiwon lafiya ma biya yake yi tun kafin ya taso. Harajin lafiya na baƙi ya fara a 2015 a kan fam 200 a shekara, ya koma 400, ya koma 624, daga Fabrairun 2024 kuma ya kai fam 1,035. A 2024 kuɗin bizar farko fam 1,846 ne, in aka haɗa da sabuntawa bayan shekara biyu da rabi da takardar dindindin da harajin lafiyar, iyali suna biyan fiye da fam 10,000 kafin su kammala, ban da jarrabawar Turanci da gwajin tarin fuka da ake nema daga masu tasowa daga ƙasashe irin Nijeriya da Gana. Bizar kuma tana ba da izinin aiki daga ranar farko. Mutumin da aka toshe masa tallafi, aka karɓi kuɗin asibitinsa gaba, aka kuma ba shi damar aiki, da wuya a ce shi ne barazana ga baitulmali. Za a iya cewa bayan shekara biyar ƙofar tana buɗewa, kuma gidan da ke da ƙaramin albashi zai ci fiye da abin da ya zuba a tsawon rayuwa. To, in haka ne, lissafin tsawon rayuwa ya wajaba ya haɗa da aikin baƙon na shekara talatin ko arba'in, wanda shi ne ainihin abin da ƙa'idar ta ƙi ƙirgawa.

Akwai wata hujja da mai sauraro daga cikinmu zai iya kawowa, kuma ta cancanci a tsaya a kanta. Zai ce, ai mu ma a al'adarmu da addininmu ba a ba mutum mata sai an bincika sana'arsa, kuma ci da sha da sutura da muhalli wajibi ne a kan miji, to mene ne laifin gwamnati in ta nemi haka? Kamannin na sama-sama ne. A fiƙihun Malikiyya da ake bi a ƙasar Hausa ana auna ciyarwa ne da halin miji da matsayin matar da al'adar gari, ba a yanke wani adadi guda aka ce duk wanda bai kai shi ba ba shi da aure. Masu binciken kuma iyaye ne da waliyyai, waɗanda suka san mutumin, suka san gidansu, suka san wanda zai tsaya masa in ya gaza. In ciyarwa ta gagara, matar ce ke da ikon kai ƙara gaban alƙali, haƙƙin nata ne, in ta so ta yi haƙuri. A tsarin Birtaniya aure ya riga ya ɗauru, ma'auratan sun yarda da halin junansu, wani na uku ne ya shigo ya ce ba za su tare ba, kuma ko matar ta ce ta gani ta amince ba a sauraronta. Tsarin farko yana kare mace daga yunwa a gidan miji, na biyun yana barinta a gidan iyayenta da goyo, shekara tana bin shekara.

Sai batun auren bogi da auren dole. Babu mai musun cewa ana ƙulla aure don takarda, kuma ana tilasta wa 'yan mata aure don a shigo da wani ɗan dangi. Amma albashi ba ya bambance auren gaskiya da na ƙarya. Mai kuɗin sayen auren bogi shi ne ma ya fi iya shirya takardun banki. Doka tana da kayan aikin da aka yi domin wannan: dole ma'aurata su taɓa haɗuwa ido da ido, dole su gamsar da jami'i cewa zamansu na gaskiya ne kuma yana ɗorewa, kuma Dokar Shige da Fice ta 2014 ta ba da ikon tsawaita sanarwar aure daga kwana 28 zuwa 70 in ana zargi. Kotun Ƙolin Birtaniya ta riga ta yi magana a kan irin wannan gajeren tunani a shari'ar Quila ta 2011, inda ta rushe ƙa'idar 2008 da ta ɗaga shekarun bizar aure zuwa 21 da sunan yaƙi da auren dole. Dalilinta shi ne, aurarrakin gaskiya da ƙa'idar ta raba sun ninka na dolen da za ta iya hanawa, gwamnati kuma ba ta kawo shaidar da ta nuna akasin haka ba. In kare mata ake nufi, tsawaita wa'adin gwaji zuwa shekara biyar ya yi hannun riga da manufar, domin yana ɗaure zaman mace a ƙasar da yardar mijinta na tsawon wannan lokaci. Akwai ƙofar da aka buɗe wa wadda ake cin zarafinta ta nemi zama da kanta, bayan gwagwarmayar ƙungiyoyi irin Southall Black Sisters, amma sai wadda ta san da ita kuma ta iya kawo shaida. Kanada ta gwada irin wannan zama na sharaɗi a 2012, ta soke shi a 2017 saboda fargabar yana tilasta wa mata zama a gidan azaba.

Hujja ta ƙarshe ita ce wadda lauyoyin gwamnati suka fi so: ba wanda ya hana ku zama tare, ku je ku zauna a ƙasar ɗayan. Wani lokaci hakan mai yiwuwa ne. Sau da yawa kuma ba haka ba ne, ko don yaƙi kamar yadda Sudan take ciki tun Afrilun 2023, ko don mai ɗaukar nauyin ɗan gudun hijira ne da ba zai iya komawa ba, ko don yana da 'ya'ya daga auren farko da kotu ba za ta bari a fitar da su ba, ko yana jinyar tsohuwa. Ko da babu ɗaya daga cikin waɗannan, maganar tana nufin ɗan ƙasa mai ƙaramin albashi ya zaɓa tsakanin ƙasarsa da iyalinsa, zaɓin da ba a taɓa ɗora wa mai kuɗi ba. Kafin Birtaniya ta fice daga Tarayyar Turai abin ya kai ga ɗan Faransa ko ɗan Poland mazaunin Landan yana kawo matarsa daga ko'ina a duniya ba tare da wannan sharaɗi ba, maƙwabcinsa ɗan ƙasa kuwa ba shi da wannan dama.

Abin da kotu ta ce, da abin da ta bari

Za a ce ai Kotun Ƙoli ta halatta sharaɗin. Gaskiya ne, amma ya kamata a karanta hukuncin duka. A 2013 Mai Shari'a Blake na Babbar Kotu ya ga cewa haɗuwar adadin da tsauraran hanyoyin lissafinsa ta wuce kima a kan 'yan ƙasa da 'yan gudun hijira. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta juya hukuncin a 2014. A ranar 22 ga Fabrairu, 2017, Kotun Ƙoli, a shari'ar da aka fi sani da MM ɗan Labanan, ta ce sharaɗin a asalinsa bai saɓa doka ba, domin manufarsa halal ce kuma gwamnati ce ke da alhakin tsara irin wannan siyasa. A cikin hukuncin dai ta amince yana jawo wa ma'aurata da yawa wahala mai tsanani, ta ce ƙa'idojin sun gaza wajen kula da maslahar yara kamar yadda Sashe na 55 na wata dokar shige da fice ta 2009 ya wajabta, ta kuma ce dole a samu hanyar duba wasu kafofin kuɗi in Sashe na 8 ya buƙaci haka. Gyaran da gwamnati ta yi a Agustan 2017 ƙunci gare shi. Ana duba taimakon dangi ko aikin da baƙon zai samu ne kawai in ƙin bizar zai haifar da mummunan sakamako da ya wuce misali, wanda ya shiga ta wannan ƙofa kuma shekara goma zai jira kafin zama na dindindin, yana sabuntawa yana biya duk shekara biyu da rabi. Talaucin da ya hana shi cika sharaɗin shi ne aka ninka masa kuɗi a kansa. Kotu ta amsa tambayar ko gwamnati tana da iko, ba ta amsa ko tsarin yana da hikima ba, wannan kuwa aikin majalisa ne da masu nazari.

Wasu ƙasashe masu karɓar baƙi da yawa sun nemi wannan tabbaci ta wata hanya. A Amurka, tun dokar 1996, mai ɗaukar nauyi yana sa hannu a kan takardar rantsuwa cewa zai riƙe baƙon a kan kashi 125 cikin ɗari na ma'aunin talauci, wanda a 2024 ya kama dala 25,550 ga gida mai mutum biyu. In nasa bai kai ba, wani ɗan'uwa ko aboki yana iya tsaya masa, ya sa hannu shi ma. Alkawarin yana da haƙora: ana iya kai mai sa hannun kotu, kuma saki ba ya warware shi, sai baƙon ya zama ɗan ƙasa ko ya cika kimanin shekara goma yana aiki. A Kanada, a mafi yawan lokuta, babu wani adadin albashi ga mai kawo miji ko mata. Yana ɗaukar alkawarin shekara uku, in baƙon ya karɓi tallafin gwamnati a cikinsu, bashi ne a wuyansa. Kanada tana da nata tsanani, misali tun 2015 ba ta karɓar auren da aka ɗaura ba tare da ango da amarya sun halarta da kansu ba, abin da ya kamata masu ɗaurin aure ta hannun wakilai su sani. Amma ta fuskar kuɗi ta ɗora nauyin inda ya dace. A Tarayyar Turai ma, Kotun Shari'a ta Tarayyar ta yanke a shari'ar Chakroun ta 2010 cewa Holan ba za ta ƙi haɗa iyali don kawai ba a kai wani adadi ba, sai an duba halin kowane gida.

Tsarin Amurka da na Kanada sun fi na Birtaniya kare baitulmali, domin suna bin kuɗin har bayan shigowa, maimakon su dubi takardun wata shida su rufe fayil. Mai albashin fam 30,000 yau yana iya rasa aikinsa gobe, mai 22,000 da matarsa ma'aikaciyar jinya ce kuwa gidansu zai haura 45,000 cikin 'yan watanni da isowarta. Gwamnatin Labour da ta hau a Yulin 2024 ta dakatar da adadin a kan 29,000, Sakatariyar Harkokin Cikin Gida ta lokacin, Yvette Cooper, ta mayar da batun ga Kwamitin Ba da Shawara kan Ƙaura, wanda a rahotonsa na Yunin 2025 ya ja kunne a kan 38,700, ya kuma nuna cewa tsakanin fam 23,000 da 25,000, kusa da abin da mai aikin cikakken lokaci kan mafi ƙarancin albashi ke samu, zai ishi iyali su riƙe kansu. Saukar da adadin zuwa nan zai buɗe wa dubban ma'aikata ƙofa, kuma ina goyon bayansa. Sai dai ba zai taɓa uwar da ke reno ba, ko ɗalibin da bai fara aiki ba, ko mai dawowa gida bayan shekaru a waje. Waɗannan sai an gyara hanyar lissafin kanta: a ƙirga tabbatacciyar takardar aikin da baƙon ya zo da ita, a karɓi mai tsayawa daga dangi bisa alkawarin da kotu za ta iya tilastawa, a kuma cire kuɗin haya daga abin da ake nema ga wanda ya nuna yana da gidan zama.